Motar lantarki: arahar tana jikin soket, tsadar tana jikin batir

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, lissafin duk mai mota a Najeriya ya birkice. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi tashin gwauron zabo, kafin 2024 ta ƙare ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Shi ya sa zancen motar lantarki, wanda a da sai a labaran ƙasashen waje ake jin sa, ya shigo majalisar unguwa da garejin bakanike. Dillali zai zagaya da kai jikin motar yana cewa, "Alhaji, wannan ba ruwanka da gidan mai, ba juye, ba filogi. Da daddare ka jona, da safe ka kama hanya." Kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ya bar maka tambayoyi biyu da sai ka biya kuɗi za ka san amsarsu: wace wuta za ka jona, kuma wane hali batirin da ke ƙarƙashin kujerarka yake ciki.

A fara da kuɗi, tunda shi ya kawo zancen. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100, yunit ɗin nan dai da mitar gida take ƙirgawa. Ba duk wutar da ta bar mita ce take zama a batir ba, kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana salwanta a matsayin zafi lokacin caji. A ɗauka yunit 20 ke nan. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauto da shi. Ko da a wancan farashi na naira 225, kilomita 100 naira 4,500 ce. Tsohuwar Camry ko Corolla kuwa, a cikin gari da esi a kunne, lita 10 ba ta yi mata yawa a wannan tafiyar. Idan lita tana naira 900, an ƙone 9,000. Rabi da rabi ke nan, kuma wannan riba ta gaske ce, ba daɗin bakin dillali ba.

To, a ce yau babu wuta, ka tayar da janareta. Janaretan gida mai shan fetur, lita ɗaya yunit biyu take ba ka, sau da yawa ma ba ta kaiwa. Yunit 20 ya zama lita 10. Ka koma daidai inda ka baro, ga ƙarar inji har asuba, ga hayaƙi, ga kuɗin motar da ya fi na 'yar'uwarta mai fetur. Ƙaramin janaretan nan na shagon aski kuwa ko cajar ba zai iya tayarwa ba. Band A an yi musu alƙawarin awa 20 a rana, amma nawa ne a cikinmu ke kan wannan layin? Mutanen Arewa kuma ba su manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta suka lalace, jihohi da dama suka shafe sama da mako cikin duhu. Wanda motarsa ɗaya tilo ta lantarki ce a wannan makon, ba shi da sola, ƙafa ta karɓi aiki.

Caji iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne yake sa mutum ya ji kamar an yaudare shi. Na farko shi ne na wutar gida. Batir ba ya ajiye irin wutar da ke zuwa ta wayar NEPA, sai wata na'ura da ke cikin motar ta juya ta tukuna, kuma girman wannan na'urar shi ne iyakar saurin cajinka a gida. Cajar da ke zuwa cikin but ɗin mota, wadda ake jonawa a soket ɗin bango, kilowat biyu da 'yan kai take ja. Hyundai Kona mai batir ɗin yunit 64, irin wadda kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas, idan ta yi ƙaf za ta kwashe wajen awa 30 kafin ta cika ta wannan hanyar. Wannan adadin yana tsorata mutane, alhali ba shi ne abin dubawa ba. Ba wanda yake jira batir ya mutu kafin ya jona. Ma'aikacin da ke zagayen kilomita 40 a rana tsakanin gida, ofis da makarantar yara, yunit takwas ya ci, awa huɗu ta mayar masa. Abin da yake buƙata shi ne tabbacin awa huɗu ta wuta mai ƙarfi kowane dare, da ƙofar gida da zai shigar da motar. Mai haya a bene da ke ajiye mota a bakin titi, nasa lissafin daban ne tun daga nan.

A wannan gaɓar ce ƙananan abubuwan da ba a kulawa da su suke zama manya. Soket mai araha da dutsen guga ke sha minti goma ba a yi shi don ya ɗauki amfiya 10 awa shida a jere ba. Bayan awa ɗaya da jonawa ka je ka taɓa kan cajar. In ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ko ka ga robar bakin ramukan ta fara yin ruwan ƙasa, to cire, gobara ce take sallama. Akwatin cajin da ake kafawa a bango mai kilowat 7 ya fi sauri, dare ɗaya ya cika Kona, amma nauyinsa kamar a kunna esi biyar ko shida lokaci guda ne. Sai an ja masa waya mai kauri tasa ta kansa tun daga mita, da na'urar katse wuta tasa. Sannan ga wayar at, wadda ake haɗawa da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa. Gidajenmu da yawa ko dai babu ita, ko tana nan a suna. Caja tana duba ta kafin ta saki wuta, in ba ta same ta ba sai ta kunna jar fitila ta ƙi aiki. Daga nan sai mai wayarin ya ce, "Yallaɓai, ƙaramin abu ne, bari in haɗa ta da ɗaya wayar, yanzu za ta kama." Za ta kama ɗin. Amma ranar da waccan wayar ta tsinke a kan fol, jikin motar ne zai ɗauki wuta, kuma yara ne suka fi jingina da mota a tsakar gida. A kafa ƙarfen yadda ya kamata, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Haka kuma da magariba, lokacin da kowa ya ɗora nauyi a kan taransifoma wuta ta yi sanyi, caji yana rage gudu, wata cajar ma ta yanke gaba ɗaya. Tsakar dare ya fi, kuma yawancin motocin ana iya saita musu lokacin da za su fara ja.

Na biyu shi ne caji mai sauri na tasha, inda babbar na'ura ke juya wutar a waje ta ɗura kai tsaye cikin batir. A nan ne talla ta fi yin ƙarya da gaskiya. Za ka ga an rubuta kilowat 150 a jikin na'ura, ka jona, allon mota ya nuna 70. Ba lalacewa ta yi ba. Motar ce ke faɗin abin da za ta karɓa, kuma ita Kona ɗin da muka ambata ba ta wuce kilowat 77 ko makamancin haka komai girman tashar. Wannan ƙololuwar ma ba ta daɗewa a kai. Idan batir yana ƙasa yana karɓa da sauri, yana cika yana rage gudu. Kamar ɗura gero a buhu ne: da fari kwano-kwano ake zubawa, in ya kusa baki sai an girgiza an danna, a ƙara da tafin hannu. A cikin batir ƙwayoyin litiyam ne ke neman gurbi a wani sashe da aka yi da girafait, kuma in aka matsa musu bayan gurabe sun yi ƙaranci sai su daskare a sama, batirin ya samu rauni da ba ya warkewa. Kwamfutar motar ce ke taka birki don kada a kai nan. Saboda haka kamfanoni ke faɗin lokacin caji daga kashi 10 zuwa 80. Daga 80 zuwa 100 kan iya cin kusan lokacin da aka ɓata a duk na bayan, don haka matafiyin da ya san kan abin yana cirewa a 80 ya yi gaba.

Kafin ma a kai ga sauri, sai kan cajar ya shiga. Motar da aka yi don kasuwar Chana bakinta GB/T ne, ta Turai CCS2, ta Amurka CCS1 ko na Tesla, tsohuwar Nissan Leaf kuma CHAdeMO. Mu kuwa daga ko'ina muke shigo da mota. Akwai mahaɗi da ake saye, na cajin gida ba shi da tsada, na caji mai sauri yana da tsada kuma ba kullum yake jituwa da kowace tasha ba. Motar kasuwar Chana tana iya zuwa da allo cikin Sinanci da manhajar waya da ba ta buɗewa sai da lambar can.

Nisan da aka rubuta a takarda ma sai an tambayi ma'aunin wa aka bi. Na Chana, CLTC, ya fi kowanne sakin hannu, na Turai, WLTP, yana tsakiya, na Amurka, EPA, ya fi kusa da abin da direba zai gani. Motar lantarki kuma halinta kishiyar na mai fetur ne. A cunkoson gari ta fi tattali, domin in ta tsaya ba ta cin komai sai na esi, in ka ɗaga ƙafa kuma injin yana komawa janareta ya mayar da wuta batir. A babbar hanya ne take zubar da caji, saboda turjiyar iska tana ninkuwa da gudu. Mai tafiya a 120 da esi yana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da takarda ta ce, ko fiye. Kano zuwa Abuja ta haura kilomita 400. Motar da aka rubuta mata 480 za ta iya shiga Abuja da kyar ko ta tsaya kafin Zuba, kuma ba galan da za a aiki ɗan acaɓa ya ciko. Tashoshin caji na jama'a har yanzu 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu a Legas da Abuja. Wadda NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, ta kafa mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021, zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana motar Chevrolet Volt, ta gwaji ce tare da na Legas da Nsukka. Gwaji kuwa ba ya kai mutum Gusau.

Sai batir, wanda shi ne motar. A Norway, inda kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka saya a 2024 na lantarki ne, sanyi suke kuka da shi, kuma yawancin abin da ake karantawa a intanet kukansu ne. Sanyi yana rage nisa na ɗan lokaci, in gari ya yi ɗumi ya dawo. Namu ya fi muni. Zafi yana tsofar da batir, kuma abin da ya ci ya ci. An ga wannan tun 2012, lokacin da masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka suka fara ƙorafin batirinsu na raguwa da wuri. Dalilin a fili yake: batirin Leaf ba shi da ruwan sanyayawa, iskar gari kawai yake jira. Wanda ya san Sakkwato, Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san ba abin da iskar garin za ta sanyaya. A ganina motar da batirinta ba ya da ruwan sanyayawa ba ta wannan yankin ba ce, komai araharta.

Sinadarin batirin ma yana da tasiri. Mai nikel da kobal, NMC, ya fi ɗaukar wuta a ƙaramin wuri, amma ba ya son zama a cike, musamman cikin zafi. Shi ake saita wa iyaka a kashi 80 don zirga-zirgar yau da kullum, a cika shi sai daren da za a yi tafiya. Mai ƙarfe da fosfet, LFP, wanda kamfanin motoci na BYD na Chana ya fi amfani da shi, ya fi nauyi amma ya fi juriyar zafi da yawan caji, kuma masu ƙera shi kan ce a riƙa cika shi lokaci-lokaci domin kwamfutar ta iya ƙididdige abin da ya rage daidai. Ko wanne ne, mafi munin abin da za a yi masa shi ne a cika shi fal a bar shi kwana da kwanaki a rana, ko a bar shi a sifili a yi tafiyar wata. Rumfar kwano a tsakar gida tana cikin kayan kula da motar.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: a yawancin waɗannan motocin esi ne yake sanyaya ruwan da ke sanyaya batir. Esin motar fetur in ya mutu sai a sauke gilashi a yi haƙuri har ƙarshen wata. A nan in ya mutu caji yana rage gudu, batir yana dafuwa. Kwamfuresan kuma na lantarki ne, man da ake zuba masa na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Mai gyaran esi na bakin titi in ya zuba masa man da ya saba zubawa Golf, motar na iya ganin wuta na zurarewa ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Gaskiya ne babu baƙin mai, babu filogi, babu kuloci, babu salansa, babu belin inji. Abin da ya rage ba shi da yawa amma yana nan. Taya tana saurin cinyewa saboda nauyin batir da yadda motar ke fizga daga tsaye, nauyin kuma yana sauka a kan shakazoba a hanyoyinmu masu ramuka. Birki yana daɗewa sosai tunda inji ne ke yawan tsayar da motar, har rashin amfani ya sa ya yi tsatsa ya maƙale bayan damina, ruwansa kuma ana canzawa kamar na kowace mota. Matatar iskar cikin mota ba ta jure ƙurar hunturu. Abin dariyar shi ne abin da ya fi ajiye motar lantarki a hanya ba babban batirin ba ne, ƙaramin nan ne mai bolt 12 irin na kowace mota. Shi ke tayar da kwamfuta, ita kuma ta buɗe wa babban hanya. In ya mutu, ko babban yana cike fal, motar ba ta motsi, wata ko ƙofa ba ta buɗewa ta daɗi. In ta tsaya kuma ba a ɗaura mata igiya a ja ta, domin juyawar taya tana sa injin ya haifar da wutar da za ta iya ƙona na'urori. Sai motar da za ta ɗauke ta ɗungurungum. Babban batirin kuma a ƙasan motar yake shimfiɗe, don haka tudun rage gudu da 'yan unguwa suka gina da kansu, wanda mai Hilux ba ya ko kallo, abin lura ne.

Bakanikenmu ba a raina su, mutanen da ke tayar da injin da masu shi suka yi wa sallar gawa. Amma wayoyin babban batirin, masu launin ruwan lemo, suna ɗauke da bolt 400, a wasu motocin 800, kuma ba a koyon su da gwaji. Akwai safar hannu ta musamman, akwai tsarin kashe wutar kafin a taɓa, akwai kwamfutar karanta matsala wadda ta kamfanin ce kaɗai ke shiga wasu sassan. Kayan Toyota ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka fito da su kafin azahar. Na'urar cajin cikin motar lantarki in ta ƙone sai an yi oda daga waje, motar tana zaune tana jira. Kafin a tambayi kuɗin mota, a tambayi wa zai gyara ta a garin da ake zaune, a je a ga garejin da ido.

Wannan ya fi shafar mai sayen tokumbo, wato yawancinmu. Sabuwar mota galibi tana zuwa da garantin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000, amma garantin ba ya bin motar da aka sayo a gwanjo aka tsallako da ita teku. Haka kiran gyara. A 2021 Hyundai ta kira motoci kusan 82,000 a duniya, mafi yawansu Kona, don canza musu batir saboda haɗarin gobara. Wadda ta bar ƙasarta kafin a canza mata ba mai neman ta. Motocin gwanjon Amurka kuma da yawa na hatsari ne ko na ambaliya, kuma bayan guguwar Ian a Florida a 2022 an ga motocin lantarki da ruwan gishiri ya shiga batirinsu suna kamawa da wuta bayan ruwan ya janye. Fenti da ƙamshin kujera ba sa nuna wannan. Abin da ake nema shi ne lafiyar batir, wato kashi nawa ya rage na ƙarfinsa na asali, kuma ana karanta ta da na'urar da ake jonawa a ƙasan sitiyari. A Leaf ma allon yana nuna sanduna 12, kuma kafin ta farko ta ɓace batirin ya riga ya rasa kusan kashi 15. Farashin batir ya faɗi ƙwarai a duniya, daga sama da dala 1,000 kowane yunit a 2010 zuwa kusan dala 115 a 2024, amma batirin yunit 60 ko a wannan farashin na masana'anta ya kusa dala 7,000, ba a sa jirgi da kwastan ba.

Sola ce ke gyara lissafin, in an yi ta da hankali. A yankinmu farantan kilowat ɗaya suna ba da yunit huɗu zuwa biyar a rana, don haka mai zagayen kilomita 40 ƙarin kilowat biyu ya ishe shi. Matsalar ita ce rana tana fitowa lokacin da motar take ofis. Ɗura ta da dare daga batirin gida mai yunit 5 ko 10 zai bar gidan cikin duhu, inbata mai kVA 5 kuma ba ta ɗaukar caja mai kilowat 7. Wanda motarsa ke wuni a gida, ko a shagonsa, ko a ma'aikatar da ke da sola, shi ne ya ci riba. Wasu motocin, irin su Ioniq 5 da wasu na BYD, suna iya mayar da wuta waje, kilowat biyu zuwa uku da ɗoriya, ta yadda in an ɗauke wuta motar za ta riƙe fanka, fitilu da firji na kwanaki.

Wannan ne ya sa abin ya fi saurin kama ƙasa a wajen masu haya, ba masu motar gida ba. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya fara da cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir, daga baya gwamnatin Borno ta zuba motocin haya na lantarki a garin. Motar haya hanyarta sananniya ce, nisanta a rana sananne ne, tana kwana a wuri ɗaya da za a iya kafa mata sola da caja da bakanike guda da ya san ta, kuma yawan kilomitan da take yi yana mayar da kuɗin sayenta da wuri. A ɓangaren babura kuma kamfanoni irin su Spiro sun raba babur da batirinsa: ɗan acaɓa ya shiga tasha ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna, ya biya kuɗin wuta. Tsufan batirin, da zafinsa, da ranar da za a canza shi, duk suna wuyan kamfanin.